Baƙin da Ke Riga Ruwa Isowa

Ɗakin yana bayan meri, wato ofishin magajin garin Gidan Sori, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar bedi, kuma Asiya ce ke riƙe da mabuɗinsa. Ba wani babban ɗaki ba ne. Akwai tebur, kujera, batura jere a ƙasa, da wata baƙar na'ura cikin kejin ƙarfe wadda ba ta kai akwatin tufafi girma ba. A kan rufi pano na sola ne ke shan rana, gefensu kuma dogon ƙarfe ɗauke da farantin sadarwa yana kallon gabas. Aikin Asiya ta goge pano da safe, ta share ɗaki, ta tabbata fanka tana juyawa, in ta ga jar fitila ta kira injiniyar da ke garin Agiye.

Ta yi lise, makarantar sakandare, a Tibiri, jarrabawar ƙarshe ba ta zo mata daidai ba, sai ta dawo gidan Gwaggo Tala, yayar babanta, wadda ta goye ta tun tana ƙarama. Tana nan zaune aka ce ƙungiyar manoma da makiyaya na neman wanda ya iya karatu ya kula da wani ɗaki. Ƙungiyar ta buɗe wata lamba da mutum zai kira ya ji saƙo da murya, da Hausa ko da Fillanci: ranar allurar dabbobi, rijiyar da ta ƙafe, maganin tsutsar wake, burtalin da aka buɗe wa shanu. Asalin saƙonnin suna Yamai. To Yamai da nisa, rezo, wato sabis ɗin waya, kuma sai yadda ya ga dama. Shi ya sa aka ajiye na'urori huɗu a bakin hanya, Gazawa, Agiye, Cadawa da Gidan Sori, don su riƙe saƙonnin da aka fi tambaya kusa da masu tambayarsu.

Wadda ta kafa su wata injiniya ce ƴar Agiye, Nazira, siririya mai saurin magana. Ranar da ta kawo na'urar ta zaunar da Asiya gaban allon kwamfuta.

"Yamai ita ce rumbu," in ji ta. "Wannan kuwa ƙwaryar da ke cikin ɗaki ce. Abin da za a daka yau shi ke ciki, don kada a yi ta hawa rumbu."

A kan allon akwai layuka huɗu, kowane da sunan gari a samansa, ƙarƙashin kowane suna kuma ƴan koren gidaje kamar zanen dara.

"Waɗannan fa, Madam?"

"Aikin ne. Ba a zube yake ba, an ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi. Kwantena muke ce musu. Kowane ƙunshi da abin da ya haddace, kuma ana iya ɗauke shi daga wannan na'ura a sauke a waccan. Akwai wani shirin kwamfuta a Maraɗi da ke lura da su duka, ni madugu nake ce masa. Kowace na'ura tana gaya masa 'ina nan, ina nan' ba fasawa. In ɗaya ta yi shiru ya ɗan jira ta. In bai ji ta ba, sai ya raba kayanta ga sauran."

"Abin da ƙunshin ya haddace fa? Ya ɓata ke nan?"

"A'a. Kowane yana da ɗan'uwa a wani gari da ya haddace abu iri ɗaya. Ya sauka sabon wuri sai ya karɓa daga wurinsa. Mai kira ba zai ma san an yi ba."

Nazira ta sha ruwa, ta hau mota ta koma gabas. Tun daga nan muryarta kawai Asiya ke ji a waya.

Aikin ba yawa, yinin kuma da tsawo. Bayan azahar, in gari ya yi tsit har kurciya ta gaji da kuka, Asiya takan ɗora haɓa kan hannu ta kalli sunayen nan. Ba ta taɓa wuce Maraɗi ba. Sai ta gina garuruwan a ranta. Ta yi wa Cadawa kasuwa mai rumfuna jajaye. Ta sa Agiye kan tudu, da wani buro, ofis mai taga shuɗiya. Gazawa kuwa, da yake ita ce ta ƙarshe, ta ba ta tafki mai faɗi da belbela a bakinsa. Wani lokaci barci ya ɗan sace ta, ta ga koren gidajen nan sun zama mutane da kaya a ka, suna tafe gefen kwalta ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana da wani.

A damanarta ta farko a ɗakin ta lura da wani abu. Wata ranar zafi, layin Gazawa ya dushe, gidajensa suka ɓace, suka ɓullo a sauran layukan. Biyu suka sauka a nata. Jim kaɗan Agiye ma ta dushe. Cadawa ta bi. Layin Gidan Sori ya cika har sai ta ja allon ƙasa, fankar na'urar ta ƙara ƙara kamar mai nishi. Ta kira Nazira a tsorace, waya ba ta shiga ba. Ta fito waje, sama tas, ba ko ɗigon gajimare. Tana dawowa daga sallar la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, aka yi ruwan da ya cika kwalbatin bakin meri.

Washegari Nazira ta ce mata, "Ba komai, ruwa ne. In ya yi ƙarfi yana kashe maganar da ke tsakanin farantan. Madugu ya daina jin na'urar, ya kwashe kayanta. In ruwan ya ɗauke, su koma."

Ga Nazira matsala ce da take neman maganinta. Asiya kuwa ta zauna da maganar. Hadari daga gabas yake zuwa. Gazawa zai fara taɓawa, sannan Agiye, sannan Cadawa. Ashe kayan nan gudun ruwa suke yi, kuma sun fi shi sauri. Ta sa musu suna baƙi.

Wanda ta fara gaya wa shi ne Bakari, wani dattijon makiyayi da ke da ruga a arewacin gari, yana zuwa sa wayarsa caji. Ya tarar da ita tana kallon layinta yana cika.

"Baba Bakari, maruƙanka suna ina?"

"Suna can fadama. Lafiya, ɗiyar buro?"

"Ka sa a maido su. Ina jin ruwa na tafe."

Ya leƙa ƙofa ya dubi sama, ya dube ta. Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Da yamma ya dawo jiƙe sharkaf, malafarsa na zuba, yana dariya.

"Miyetti," ya yi godiya da Fillanci. "Akwatin nan naki ya san ruwa. Shanuna ma ba su riga shi ba."

Kafin kaka magana ta zaga gari. Mata masu shanya gari ko kuɓewa su aiko a tambaya. Masu amalanke su tsaya bakin taga. Tambayar ɗaya ce, "Asiya, baƙinki sun iso?" Ba kullum take dacewa ba, wani hadarin yakan watse tun kafin Maraɗi, amma ta dace sau da yawa har aka daina tuna wanda ta kuskure. Ba ta taɓa gaya wa Nazira ba. Tana jin kunya, kamar wadda aka ba amanar kaya tana wasa da su.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambaya ba, Gwaggo Tala. Ita tana da gona ƙarama a bayan gari, da gawo biyu a tsakiya, kuma tana da irin hatsinta, zango mai dogon kai da ta zo da shi daga gidansu na Tibiri. Kowace kaka ta zaɓi kawunan da suka fi, ta sussuke da hannu, ta zuba a tulu da toka, ta liƙe baki. Ba ta yin binne. Mutane su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwa, ita sai an yi ruwa, ta tona da yatsa ta ga laima ta kai inda take so.

"Ni ba ni ba tururuwa abincin da ban ci ba," take cewa.

Bana ruwa ya yi jinkiri. Watan da aka saba shuka ya shiga har ya yi nisa, sama fari fat. Shanun Bakari suka rame. Da safe mutane su wuce ta gaban ɗakin ba su ma tambaya, su dai ɗaga gira, Asiya ta girgiza kai. Layukan huɗu suna nan cif, kowa na gidansa. Gwaggo kuma ƙafarta ta fara ciwo. Ta san in ruwa ya sauka kowa zai ruga tasa gonar, ba mai taya ta, kuma ba za ta iya gama shuka kafin ƙasa ta bushe ba. Ba ta faɗa ba, amma Asiya ta ga tana yawan zagaya tulun nan.

Wata Laraba da hantsi layin Gazawa ya fara raguwa.

Asiya ta miƙe tsaye. Gidajen suna fita ɗaya bayan ɗaya, a natse, suna ɓullowa a wasu layukan. Ɗaya ya sauka a nata. Ta riƙe bakin tebur tana jira. Can Agiye ta fara. Da ta ga gidan farko ya bar Cadawa ba ta ƙara tsayawa ba, ta ja ƙofa ta sheƙa gida, takalmi ɗaya a hannu.

"Gwaggo! Sun iso. Gazawa, Agiye, har Cadawa."

Gwaggo na zaune tana tsintar wake. Ta ɗago.

"Mi kinka gani?"

"Duka ukun, bi da bi, yadda suke yi. Kafin la'asar yana nan, in Allah ya yarda."

Tsohuwar ta dubi sama ta tsakanin danga. Ta daɗe. Sannan ta ajiye faifai, ta dafa bango ta tashi.

"Ɗauko sungumi. Ki kira ɗiyan Zainabu su taya mu tun ba su tahi tasu ba."

Da hannunta ta fasa bakin tulun. Suka fita cikin rana, Asiya da ɗiyan maƙwabciyarsu Zainabu suna sara, Gwaggo na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ƙasar na ƙona tafin ƙafa. Labari ya riga su, ko'ina ka duba mutane ne a gona. Daga nesa suka hango Bakari ya juyo da garkensa daga hanyar rijiya mai nisa, don me zai wahalar da su tunda tafki zai cika. Asiya tana sara tana jin wani sanyi a bayan wuyanta, kamar iskar ta riga ta fara. Har ƙamshin ƙasa ta ji. Ta rantse ta ji shi.

Suka gama gonar, tulun ya zama wayam. La'asar ta yi. Gabas na nan fari. Suka zauna ƙarƙashin gawo suna jira. Rana ta yi ja, ta sauka bayan kalgo, ko ganye bai motsa ba.

Asiya ta koma ɗakin na'ura kafin magariba. Layukan huɗu sun koma daidai, kowa ya koma gidansa. Ta kira Agiye, wayar ta shiga nan take, muryar Nazira cike da murna.

"Asiya! Kin ga aiki? Na sabunta shirin na'urorin duka yau. Na sallami kowace, na kwashe kayanta, na gyara, na maido. Na fara daga Gazawa na biyo hanya, taki ce ta ƙarshe. Ko kira ɗaya bai faɗi ba. Ba wanda ya ji a jikinsa."

Asiya ta zauna a ƙasa, kusa da batura.

"Ba a yi ruwa ba can?"

"Wane ruwa? Mu nan gasuwa muke."

"Madam," ta ce, "Gwaggona ta ji a jikinta."

Ta ba ta labari duka, tun daga damanar bara. Nazira ba ta katse ta ba, abin da ba halinta ba. Da ta gama sai Nazira ta tambaye ta.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Na ɗauka za ki yi faɗa."

"Da na sani da na kira ki da safe, magana ɗaya ce." Ta ja numfashi. "Irin duka ta zuba?"

"Duka."

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya zage ta. Da ma sun zage ta, da ya fi mata sauƙi. Masu amalanke suka daina tsayawa bakin taga. Bakari ya zo caji, ya gaishe ta kamar kullum, ya ce shanu sun kwana da ƙishi amma ba wadda ta faɗi. Gwaggo kuwa da asuba take fita gona da sanda da gwangwani, ta zauna ƙarƙashin gawo tana korar zabi da kurciyoyi. Asiya ta bi ta wata safiya ta ga ramukan da kurege ya tone, da jerin tururuwa kowace da ƙwaya ɗaya a baki.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Ke kinka ɗauke ni kinka kai gona? Da ƙahwata na zo." Ta buga gwangwani, zabi suka watse. "Je ki aikinki."

A daren Juma'a Nazira ta sake kira, ta ce Asiya ta zo Agiye ta kwana biyu, ta riga ta yi magana da shugaban ƙungiya, mai gadin meri zai goge pano. Asiya ta ce ba ta iya barin Gwaggo. Gwaggo ta ce in ba ta tafi ba ita za ta kai ta tasha.

Asiya ta hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta, ta shiga mota zuwa Maraɗi, ta sake wata mai zuwa gabas. An matse ta jikin taga, tsakanin wata mata mai kaji da buhun gishiri. Zafi da rurin inji suka sa ta lumshe ido tana buɗewa. Gonaki suna wucewa, farare, an share su an bar su suna jira. Ta ga ashe wannan ce hanyar da baƙinta ke bi, sai dai ita ta juya mata baya, tana tafiya inda suke fitowa. A Cadawa motar ta tsaya sauke fasinja. Ta leƙa tana neman rumfuna jajaye. Na zana ne da buhu, kamar na ko'ina. Amma can bayan wani gini ta hango dogon ƙarfe da faranti, irin nata sak, sai ta ji kamar ta ga ɗan garinsu a baƙon wuri. Har ta ɗaga masa hannu, matar mai kaji ta dube ta.

Agiye ba kan tudu take ba, tagar buron Nazira kuma ba shuɗiya ba ce, ba ta ma da fenti. Nazira ta tarbe ta a tasha, ta karɓi jakarta, ta kai ta gidansu, uwarta ta ba ta tuwo da miyar kuka. Washegari suka zauna gaban allo. Wannan karon Nazira ba ta yi sauri ba. Ta buɗe wani shafi da Asiya ba ta taɓa gani ba, inda madugu ke faɗin dalilin kowane abu da ya yi.

"Tafiya iri biyu ce," in ji ta. "Dubi wannan. Ta ranar Laraba ce. Na'urar ta yi sallama, ta ce zan ɗan huta, ku karɓi kayana. Shi ya sa kika ga suna fita ɗaya-ɗaya, kuma sunan garin bai dushe ba. Yanzu dubi ta bara. Nan ba sallama. Tana cikin cewa 'ina nan' sai shiru. Madugu ya jira, ya gaji, ya kwashe duka lokaci ɗaya."

Asiya ta matso. Ta tuna ranar Laraba, yadda suka fita a natse. Ta gani da idonta, ba ta tsaya ta yi tunani ba.

"Kuma ko shirun," Nazira ta ci gaba, "ba ruwa kaɗai ke kawo shi ba. Batir na mutuwa. Iska na karkata faranti. A Gazawa akuya ta taɓa cinye waya. Na'urar nan ba ta san sama ba, Asiya. Abin da ta sani kawai, wa ya amsa, wa bai amsa ba."

"To in daina dubawa ke nan, Madam."

"Ki daina ce mini Madam, ki ce Yaya. Kuma ban ce ki daina ba. Ni na shekara ina kallon abin nan a matsayin ciwon kai, ban taɓa ganin hanyar hadari a ciki ba. Ki duba, amma ki kira mai tsaron ɗakin Gazawa ki tambaye shi abin da ke kansa. Jibrilla sunansa, tsohon mushen lakol ne, malamin makaranta, yana son hira."

Ta koya mata yadda ake sallamar na'ura da hannu da yadda ake maido ta. Ta bar ta ta gwada da ta Agiye. Asiya ta rubuta umarnin, ta ga gidajen sun tashi ɗaya bayan ɗaya, biyu sun nufi Gidan Sori. Ta yi tunanin ɗakinta a kulle, inuwar bedi a kan ƙofa, fanka na ƙara ƙara ba kowa. Ta maido su, suka dawo.

Ranar da za ta koma, bayan azahar, suna cin gyaɗa a buro, sunan Gazawa ya dushe. Gidajen suka tsaya cak, sannan suka ɓace gaba ɗaya.

Nazira ta buɗe shafin madugu, ta juyo allon wajen Asiya. Ba sallama. Asiya ta kira Jibrilla, wayar ba ta shiga ba. Suka fito ƙofar buro. Gabas ta yi wani launi kamar baban rini, ƙasa-ƙasa, yana hawowa. Awaki suna gudu gida. Mata a bakin hanya suna tattara tabarmi. Iska ta fara zuwa da ɗumi, sannan da sanyi, ta ɗaga ledoji sama suna juyawa kamar shirwa.

"Ki kira gida tun rezo bai tafi ba," in ji Nazira.

Asiya ta riƙe wayar ba ta danna ba. Ta tsaya har ɗigon farko ya faɗo mata a goshi, mai nauyi, na biyu a hannu. Sannan ta kira wayar Zainabu ta ce a kai wa Gwaggo.

"Gwaggo, ni ce. Nan Agiye ruwa ake. A kaina yake sauka."

"Akwatin ya ce?"

"A'a. Ni ce a tsaye cikinsa. Ban san ko zai kai ku ba."

Ta ji numfashin tsohuwar, da kukan zabi a nesa.

"To," in ji Gwaggo. "In ya iso mu gani."

Wayar ta yanke. Asiya ba ta koma ciki ba. Ruwan ya rufe gari har ba ta ganin ƙetaren hanya, rufin kwano na ruri, ƙasa na shan na farko tana huci. Ta tsaya mayafinta ya manne mata a jiki. Nazira na kiranta daga ƙofa, ba ta ji abin da take cewa. Ta rufe ido tana bin sa a ranta, ya bar Agiye, ya bi gonakin nan farare, ya sauka kan rumfunan zana na Cadawa, ya ƙetare Maraɗi da Tibiri. Daga nan ba ta iya ganinsa ba.

Ruwan ya kai Gidan Sori. Bai kai ƙarfin na Agiye ba, amma ya jiƙa ƙasa, kuma wani ya biyo shi kafin ta bushe. Da Asiya ta dawo ta tarar gari ya canza ƙamshi, tafkin arewa ya kama ruwa, shanun Bakari na tsaye a ciki har gwiwa.

Gonar Gwaggo ta fito da gibi. Wajen gawo, inda ta zauna da gwangwaninta, tsiro ya yi layi kore shar. Gefen gabas da na kudu kuwa sai ka yi taku da yawa ba ka ga ko ɗaya ba. Zainabu ta kawo irin hatsinta mai saurin nuna ta ce a cike. Gwaggo ta yi godiya ta mayar mata, ta ce in sun haɗu a gona ɗaya zangonta zai gauraye. Ta jira tsiron ya kai tsawon hannu. Wata safiya da aka kwana ana yayyafi ta tashi Asiya, suka je suka rage inda ya yi cunkoso, suna cirowa da ƙasarsa, suna dasawa a gibin. Asiya na haƙa, Gwaggo na dannawa da tafin hannu. Wasu dashen suka kama, wasu suka kwanta. Inda ya rage suka zuba wake.

Mutane sun dawo bakin taga a hankali, ba kamar da ba. In sun tambaya Asiya ta ce, "Gazawa ta yi shiru, Mushe Jibrilla ya ce ana ruwa can. Sauran sai Allah." Wasu su tafi da hakan, wasu su ce da can ta fi iya faɗa.

Da kaka Nazira ta zo canza batura. Da ta gama Asiya ta kai ta gona, inda ake ɗaurin dami. Hatsin bai yi yawa ba, amma kawunan sun yi tsawo har suna lanƙwasa. Gwaggo na zaune kan tabarma tana ware na iri gefe guda. Nazira ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai hadarin nan da bai zo ba?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ashe ƴar ƙarama ce ma." Ta miƙa mata ƙwaryar fura. "Sha. In kin gama ga dami can, ki taya ɗiyata kai shi amalanke."

Nazira ta sha, ta cire takalmanta, ta naɗe mayafi ta yi gammo. Damin ya fi ta tsawo. Asiya ta ɗora mata, ta ɗauki nata, suka bi tsakanin karan hatsi, Nazira na tangaɗi tana dariya, tana tambaya ko amalanken da nisa.